Robar cikin madigadi ta yi fari fat, da me ake dawo da baƙinta?

Mai_Corolla:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina tambaya kan baƙar robar nan da ke zagaye da taya ta ciki, a ƙarƙashin madigadi. Ko an wanke mota tas, da zarar ta bushe sai robar ta koma fari-fari kamar an barbaɗa mata toka, ga ɗigon kwalta da ya ƙi fita. Da me ake wanke ta? Dole ne sai an cire taya? Wasu kuma sun ce a shafa baƙin mai ko man burki, shin hakan daidai ne?

Baban_Gareji:
Wa alaikumus salam. Farin da kake gani yawanci laka ce da ta shige cikin ƙananan ramukan robar, don fuskarta ba sumul take ba. Feshin ruwa kaɗai ba ya fitar da ita, sai an sa buroshi.

Ba dole ne a cire taya ba. A gaba, ka murza sitiyari har ƙarshe gefe guda, hannu zai shiga. A baya ne wurin ke da matsi, nan cire tayar ya fi. In za ka cire, ka sa ƙarfen tokare ƙarƙashin motar, kada ka cusa kai ko hannu alhali jak kaɗai ke riƙe da ita.

Ka bari burki ya huce tukuna. Ka fara da ruwa zalla ka zubar da laka da tsakuwa, domin in ka sa buroshi a kan yashi, karce robar za ka yi. Sai ka haɗa ruwan sabulun wanke maiƙo irin na mota: kashi 1 cikin kashi 10 na ruwa in dattin ba shi da yawa, kashi 1 cikin 4 in ya kafe. Ka fesa, ka ba shi minti 3 zuwa 5, ka goge da buroshi mai dogon hannu, ka ɗauraye daga sama zuwa ƙasa. Kada ka bari sabulun ya bushe a jiki. Sabulu mai ƙarfi in ya bushe a kan roba yana barin farin zane da ya fi na farko wuyar fita. Alamar an gama: ka goga farin tsumma a wurin, in ya fito da launin ƙasa, a sake.

In da injin feshi mai matsi kake aiki, ka ja baya kamar santimita 30, kuma kada ka saita shi kan wayar ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka burki da ƙarfi), ko robar da ke rufe da mahaɗin shaf, ko bakin shokozoba. Ruwa in ya shiga waɗannan, gyaran ya fi wankin tsada.

Hajiya_Mai_Wanki:
Malam Mai_Corolla, batun baƙin mai da man burki ka bar shi kwata-kwata. Baƙin mai yana sheƙi kwana ɗaya, washegari ƙura ta manne a kansa ta zama tabo. Man burki kuwa cin fenti yake yi, kuma in taya ta juya za ta watsa shi jikin ƙofa. Kowanne ya taɓa faifan burki, burkin zai rage kamawa.

Kwalta tana da nata maganin da ake sayarwa. A zuba a tsumma, a ɗora kan ɗigon na minti ɗaya ko biyu, ya yi laushi, a share, sannan a sake bin wurin da sabulu. Ban da tina, ban da fetur.

Maganin baƙanta roba kuma a nemi wanda aka haɗa da ruwa, mai kama da madara, ba mai maiƙo ba. Sharaɗinsa ɗaya: robar ta bushe ƙayau. In da sauran danshi ko datti, a kan dattin zai zauna, ruwan sama na farko ya tafi da shi, sai mutum ya ce maganin jabu ne. A shafa da soso siriri-siriri, bayan minti 10 a share abin da ya rage. In feshi za a yi, a lulluɓe faifan burki da leda, kuma kada ya sauka a kan fuskar tayar da ke taka ƙasa. Masu bin roba da wuta don ta yi baƙi su ma ba su taimaka mata ba: takan yi baƙin na ɗan lokaci, daga baya ta fi da fari, ta riƙa tsagewa.

Injiniya_Sule:
A fara taɓa abin da hannu tukuna. Wasu motocin, musamman a tayoyin baya, ba roba ba ce zalla, wani abu ne mai gashi-gashi kamar kafet da aka sa don rage ƙarar tsakuwa. Wannan ba a shafa masa komai. Ruwa mai yawa, sabulu kaɗan, buroshi, a bar shi ya bushe.

Amma dattin da ya fi cutar da mota yana bayan robar ne, ba gabanta ba. A ƙasan madigadin gaba, daidai inda ya haɗu da ƙofa, laka da ganye suna taruwa su riƙe danshi, tsatsa ta ci ƙarfen daga ciki. Sau ɗaya a shekara a kwance kusoshin ƙasa uku ko huɗu, a janye robar kaɗan, a kwashe lakar, a ɗauraye. Maɓallan roba da ke riƙe da ita ana fara ɗaga tsakiyarsu ne kafin a zare. In aka finciko gaba ɗaya sai su karye, don haka a tanadi sababbi kafin a fara. Kada a mayar da robar da maɓalli ko ɗaya a ɓace, domin iska za ta tura ta ta riƙa gogar taya har ta huje. In an cire taya kuma, notocinta a ɗaure su bisa ma'aunin da littafin motar ya faɗa, a sake dubawa bayan kilomita 50.