Neman shawara: yinin jirgin ruwa a Zanzibar, ni da amarya, kuma babu wanda ya iya iyo

Angon Bana:
Assalamu alaikum jama'a. Waɗanda suka taɓa zuwa Zanzibar, don Allah ku taimaka min da shawara. In Allah ya yarda ƙarshen Yuli za mu je ni da iyalina, kwana shida, biyu a Stone Town, huɗu a Nungwi. Wanda yake shirya mana tafiyar ya sa mana fita ta yini guda a jirgin katako mai tafiya da iska. Wai a tashi da safe daga wani ƙauye Fumba, a zaga tsibirai, a ci abinci a can, a dawo da yamma. Ya turo hotuna, ruwa kamar an zuba masa bula.

Ga inda gizo ke saƙar. Ban iya iyo ba, ita ma haka. Iyakar sanina da ruwa shi ne Tiga, shi ma daga bakin gaɓa. Ita kuwa tun hatsarin kwale-kwalen Bagwai na 2021 gabanta ke faɗuwa in an ambaci jirgin ruwa, amma kuma ita ce ta nace sai ta taka wannan tsibirin yashin da ta gani a hoto. To, irinmu za su iya? Yaya mace mai hijabi take yi a wurin? Sallar azahar fa? Ban biya ba tukuna, ya ce in ba shi amsa kafin Juma'a.

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam ango, Allah ya sanya alheri. Mun yi wannan fitar ni da Baban Ilham a watan Janairu, kuma ni ko a baho ba na yarda ruwa ya wuce min wuya.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne yadda ake shiga jirgin. Babu wani dandamali da za ku taka. Ruwa ya janye lokacin da muka isa Fumba, jirgin yana can nesa, sai da muka taka cikin ruwa har gwiwa, ƙasa ga santsi ga duwatsun murjani masu kaifi. Ni da na ci ado da doguwar abaya, kafin mu isa ta sha ruwa ta yi nauyi tana naɗe min ƙafa, ina tafe ina tattare ta da hannu ɗaya, ɗaya hannun a kafaɗar maigida. Ka gaya wa amarya ta sa wando mai kauri a ciki, riga zuwa gwiwa mai saurin bushewa, da ƙaramin hijabi wanda iska ba za ta yi ta ɗagawa ba. Abayar ta zauna a jaka sai an sauka cin abinci. Ku sayi takalmin roba mai rufe ƙafa, ana sayarwa a Stone Town. Silifa ruwa zai tafi da shi, kuma akwai wata halitta baƙa mai ƙaya kamar bushiya a tsakanin duwatsu, in ka taka ta yinin ya ƙare.

Maganar hijabi kada ta dame ku. Mutanen wurin Musulmi ne, matansu da lulluɓinsu suke shiga ruwa. Babu wanda ya kalle ni sau biyu. Ni ce ma na rasa inda zan ajiye idona saboda shigar Turawan da muka haɗa jirgi da su.

Ɗan Fagge:
Malam ka zauna a tudu ka sha ruwan kwakwarka. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. A wannan Zanzibar ɗin ne fa jirgin Spice Islander ya nutse a 2011 tsakanin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, da tsibirin Pemba, mutane masu yawa suka rasu. Ka kai 'yar mutane tsakiyar teku alhali ko kai ba za ka iya ceton kanka ba?

Baban Yusra:
Ɗan Fagge, tsoronka yana kan hanya, amma misalin bai zauna ba. Wancan babban jirgin fasinja ne da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa, da dare, a mashigi mai zurfi. Abin da za a ɗauka daga ciki shi ne lodi, kuma shi ne abin da ango zai sa wa ido. Na yi shekara uku ina aiki a Dar es Salaam, na tsallaka Zanzibar ba sau ɗaya ba.

Ango, inda za a kai ku sunansa Menai Bay, kudu maso yammacin tsibirin Unguja. Wuri ne da gwamnati ta keɓe tun 1997 don kare halittun ruwa, kuma tsibiran cikinsa kusa suke da juna, da wuya ƙasa ta ɓace muku. Jirgin su suna ce masa jahazi ko mashua, direbansa kuma nahodha. Kada ka zata iska ce za ta yi ta tura ku yini guda. Da safe yawanci inji ake tayarwa, sai a dawowa ne suke buɗe ƙaton ƙyallen nan mai kusurwa uku, a kashe inji, ka ji shiru sai ƙarar katako da ruwa. A wurina wannan sa'a ɗayar ta fi duk sauran.

Abu biyu ne ke mulkin wannan fita, iska da janyewar ruwa. Iskar shekara iri biyu ce a can. Kaskazi tana busowa daga arewa maso gabas wajen Disamba zuwa Maris, ita Maman Ilham ta samu. Kusi kuma daga kudu take zuwa, ta fi ƙarfi, kuma Yuli tsakiyar lokacinta ne. Ba damina ba ce, manyan ruwan sama na Maris zuwa Mayu sun wuce, garin ma ya fi sanyi-sanyi. Sai dai teku takan yi tsalle, musamman bayan azahar. Idan aka buɗe ƙyalle jirgin zai karkata gefe guda, ruwa ya riƙa fantsamo muku. Haka yake tafiya, ba kifewa zai yi ba, amma ka gaya wa amarya tun a ɗaki don kada ta gani ta fara salati da ƙarfi.

Shi kuma ruwa sau biyu yake janyewa a kwana ɗaya, sau biyu yake dawowa, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti hamsin. Tsibirin yashin da take so ba kullum yake nan ba. In ruwa ya cika, shafe shi yake yi gaba ɗaya. Janyewar ta fi yawa a farkon wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, don haka duba kwanan watan Musulunci ma zai ba ka haske. Ka tambayi mai jirgin ƙarfe nawa ruwa zai janye a ranar, amsarsa za ta nuna maka ko ya san aikinsa.

Kuma ka sa fitar a kwanakinku na Stone Town. Daga can zuwa Fumba kamar rabin awa ne a mota. Daga Nungwi kuwa sai kun ratsa tsibirin daga arewa zuwa kudu, kusan awa biyu, ku dawo haka a jiƙe a gajiye.

Maman Ilham:
Baban Yusra ka manta agogonsu! Mu direba ya ce mana "saa mbili", maigida ya duba a waya ya ga ƙarfe biyu ke nan, ashe takwas na safe yake nufi.

Baban Yusra:
Wallahi kuwa Hajiya. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, bakwai na safe ita ce ɗayansu. Ka ce a rubuta maka lokacin da lamba. Kuma suna gaban Najeriya da awa biyu.

Abu Sumayya:
Game da sallah, abin da sauƙi. Ana sauka tsibirin Kwale cin abincin rana, a nan za ku yi azahar a kan yashi, ku tafi da 'yar darduma. Ana dawowa Fumba da sauran rana, la'asar ba za ta kuɓuce ba. Alwala da ruwan teku ta inganta. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik: an tambayi Annabi (SAW) game da teku, ya ce ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta halal ne. Wannan ya amsa maka har da abincin, domin a mazhabarmu duk abin da ke rayuwa a teku ana ci.

Inda 'yan uwa ke kuskure shi ne alƙibla. Mun saba in an ce gabas an gama magana. Zanzibar tana kudu da Makka ne kusan a miƙe, saboda haka arewa za ka fuskanta. Na ga wani bawan Allah ya shimfiɗa darduma ya kalli mafitar rana da iyakar gaskiyarsa, sai da wani matuƙi ya zo ya juya shi. Ka tambayi ma'aikatan jirgin, su ma sallar za su yi.

Sai dai ka sani wasu jiragen suna raba giya ga masu so. In hakan zai dame ku, ka tambaya tun kafin biya, ko ku ɗauki jirgi ku kaɗai in aljihu zai iya.

Anti Nas:
Ni ta fannin jiri zan yi magana, don shi ya fi kayar da mutanenmu, ba nutsewa ba. Kada ku fita da cikin wofi, kada kuma ku cika shi da mai da ƙwai. Shayi da burodi ya isa. Akwai ƙwayar cinnarizine, ana shanta awa biyu kafin a hau, in an bari sai zuciya ta fara tashi ta makara. Tana sa barci. In kuma amarya ta fara 'yan alamu, to kada ta sha komai sai ta tambayi likita, ta riƙe citta tana taunawa. A jirgi ku zauna tsakiya, ido a kan inda sama ta haɗu da ruwa, a ajiye waya.

Kuma kada wani ya ce maka baƙar fata ba ta ƙuna. Iska tana kaɗawa ba za ka ji zafin ba, sai da dare kafaɗa da hanci su fara raɗaɗi. Hula, man kare fata, da ruwan sha da yawa.

Mai Shadda:
Ni dai abin da ya same ni zan faɗa. Wani yaro ya tare mu a bakin teku, bakinsa kamar zuma, ya ba mu rabin kuɗin da otal suka faɗa. Na ji daɗi na ce na yi ciniki irin na Kwari. Da safe muka tarar an haɗa mu da wasu, jirgin ya cika har ana zama a kan akwatin ƙanƙara. Na ce ina rigunan kariya? Aka ɗaga wani katako aka zaro guda biyar, biyu igiyarsu ta tsinke, mu kuwa mun fi ashirin. Na ce a sauke mu. Kuɗin ko rabi ban karɓo ba, matata ta yi kwana biyu tana min dariya. Araha ba ta ado.

Shawarata, kada ka tsaya a "akwai riga?" don kowa zai ce akwai. Ka ce mutum nawa jirgin ke ɗauka, mutum nawa aka sa ranar. Ku karɓi rigunanku tun a tudu, ku sa, ku ɗaure, ka kama ta amarya ta kafaɗa ka ja sama. In ta zame ta rufe mata kunne, ta yi mata yawa, a canja. Kuma ka tambaya ko kuɗin shiga yankin da aka keɓe yana cikin abin da ka biya, da abin da zai faru in iska ta hana fita.

Maman Ilham:
Wannan gaskiya ne. Kuma ka faɗa wa nahodha a fili cewa ba ku iya ruwa ba, ba abin kunya ba ne. Ni da na faɗa, da aka zo wurin kallon kifi sai wani yaronsu ya shiga da tayar ceto, na riƙe da hannu biyu yana ja na, fuskata cikin ruwa da gilashi da bututun numfashi. Minti na farko na sha ruwan gishiri na ƙoshi. Bayan nan na ga kifaye masu ratsin rawaya da baƙi suna wucewa dab da yatsuna, har na manta ina tsoro. Maigida kuwa ya ce shi gadin jaka zai yi, bai sauko ba. Kifin dolfin kuma sa'a ce, mu mun hango bayansu sau biyu daga nesa, waɗanda suka je washegari ba su ga komai ba.

Abincin gasasshen kifi ne da jatan lande da wani mai hannu takwas da suke kira pweza, da shinkafa da miyar kwakwa. In amarya ba ta saba da su ba, ku faɗa tun ana gobe za ku fita a yi muku kaza.

Baban Yusra:
In har yanzu zuciyarta ba ta kwanta ba, ku yi gwaji. Daga Stone Town akwai tsibirin Changuu, wanda ake kira Prison Island, tafiyar kamar rabin awa. An gina kurkuku a wurin a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai aka mai da shi wurin killace masu cuta. Akwai manyan kunkuru da aka kawo daga Seychelles a 1919, wani sai ka rantse turmi aka kife. Ku je ranar farko. In ta sauko tana dariya, washegari ku yi Fumba. In ta sauko tana riƙe da ciki, kun huta da asarar yini guda. Akwai ma wani tsibirin yashin kusa da gari mai suna Nakupenda, ma'anarsa "ina son ki", ka ga ango ya samu abin faɗa.

Ɗan Fagge:
To na ji. Amma rigar nan kada a cire ta don ɗaukar hoto.

Angon Bana:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na karanta mata duka. Na tura wa mutumin tambayoyin Mai Shadda, ya ce zai tambayo adadin mutanen, na ce kuɗi na nan sai ya dawo da amsa. Mun mai da fitar kwana na biyu, Changuu kwana na farko. Maman Ilham, ta ce a tambaye ki, akwai inda mace za ta canja kaya a tsibirin?

Maman Ilham:
Akwai ɗan banɗaki a inda muka ci abinci, amma kada ta dogara da shi, ta tafi da babban zane ka riƙe mata. Kuma ku ce a kai ku wurin tsohuwar kukar nan ta Kwale da ta faɗi amma ta ci gaba da tsiro a kwance. Turawa na ta hawa suna hoto, jagora na ta bayanin wannan bishiya mai ban mamaki, ni kuwa ina tsaye ina kallon ganyen ina lissafin tukunya nawa zai kaɗa.