Neman shawara: tun da na fara maganin ciwon gaɓoɓi gashina ya koma ja, yana ta zuba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana.

Shekarata 34, 'ya'yana uku. Bara aka tabbatar min ina da ciwon gaɓoɓi irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi gaɓoɓin mutum, wanda likitoci ke kira rumatoyid. Kafin a gano shi sai da na kai ba na iya matse wanki, da asuba yatsuna a sandare har rana ta ɗaga. Likita ya ɗora ni a kan metotireksat sau ɗaya a sati, da Plaquenil kullum, da ɗan firednisolon da ake rage min a hankali. Alhamdulillahi na samu sauƙi, har na koma kan keken ɗinkina.

Damuwata gashina ne. Da ina da suma baƙa wuluk mai ƙarfi, sai na jiƙa ta kafin mataji ya shiga. Yanzu ta yi laushi, ta sirance, duk tsifa sai na tara dunƙule guda. Makitsiyata ce ta fara lura cewa daga tushe gashin ya yi ja-ja kamar gemun masara. Maigida bai ce komai ba, amma ni abin yana cina. Surukata ta ce magungunan nan ne suka yi min ƙarfi, in ajiye su in koma na gargajiya.

Shin maganin ne? In na daina gashin zai dawo? Akwai wadda hakan ta taɓa faruwa da ita?

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ki lafiya 'yar'uwa. Ni dai ina ganin ki ɗan huta da shi wata ɗaya ki gani. Ki riƙa shafa man kaɗe da man kwakwa, ki yi lalle a kai.

Malamin Famasi:
Maman 'Yan Biyu, ki yi haƙuri, man kaɗe babu laifi, amma batun hutawa da magani kada ta soma.

'Yar'uwa, biyu daga cikin magungunan da kika lissafa an san suna taɓa gashi, kowanne da irin nasa.

Metotireksat aikinsa rage gudun ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa, kuma tushen gashi yana cikin masu saurin nan. Shi ya sa wasu gashinsu yake sirancewa, ya yi laushi, ya riƙa zuba. A ɗan adadin da ake ba masu ciwon gaɓoɓi, kamar mutum 1 zuwa 3 ne cikin 100 ke samun haka, kuma ba ya kai ga sanƙo irin na masu shan maganin ciwon daji, domin su ana ba su ninkin-ba-ninkin abin da kike sha.

Shi kuwa Plaquenil, ainihin sunansa haidroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin ne da muka sha na zazzaɓin cizon sauro kafin Najeriya ta canza tsarin magani a 2005. Dangin nan suna manne wa sinadarin da ke ba fata da gashi baƙinsu, kuma an daɗe da sanin suna iya kodar da launin gashi, har da gira da gashin ido. Sai dai an fi ganin hakan ga masu gashi mai haske irin na Turawa. A baƙin gashi irin namu bai cika faruwa ba, don haka ni ba zan tsaya a kansa shi kaɗai ba.

Ga abin da za ki duba da kanki a madubi. Gashi yana tsiro kusan santimita 1 a wata. In daga cikin jiki canjin ya fito, sabon tsiro ne zai sauya launi, ƙarshen gashin yana nan baƙi. In kuwa rana ce ko rilaksa ko rini, ƙarshen ne yake kodewa, tushen yana baƙi. Yadda kika kwatanta, naki daga ciki ne. To amma "daga ciki" ba magani kaɗai yake nufi ba. Ƙarancin jini yana zubar da gashi, kuma shi kansa rumatoyid yana jawo ƙarancin jini. Matsalar tayirod, halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, tana busar da gashi ta zubar da shi, kuma ta fi yawa ga masu irin ciwonki. Rashin isasshen abinci mai gina jiki ma yana mai da gashi ja, kamar yadda ake gani ga yara masu tamowa, kuma metotireksat kan rage wa wasu cin abinci. Duk waɗannan gwajin jini ne zai raba gardama.

Abin da ya sa na ce kada ki daina: gashin da magani ya taɓa yana dawowa, sabon tsiro ya fito da launinsa bayan an gyara adadin ko an canza maganin. Gaɓar da ciwon ya cinye ta karkace ba ta komawa daidai. Sannan firednisolon ba a tsayar da shi lokaci guda ga wanda ya daɗe yana sha, jiki na iya rikicewa har a kwanta asibiti.

Tambaya ɗaya: ana ba ki folik asid? Ban ga kin ambace shi ba.

Mai neman shawara:
Na gode Malam, Allah Ya saka da alheri. Da farko ana ba ni, amma a takardar da aka rubuta min ta ƙarshe babu shi, sai na ɗauka an cire ne. Kuma kwanakin nan bakina yana yawan fashewa.

Malamin Famasi:
To wannan ba abin jira ba ne sai ranar ganin likita. Metotireksat yana tare aikin sinadarin folet a jiki, shi ya sa ake haɗa shi da folik asid don rage tashin zuciya, gyambon baki da wahalar hanta, kuma wasu zubar gashinsu na raguwa da shi. Likitoci da yawa suna ba da miligiram 5 sau ɗaya a sati, a ranar da ba ta metotireksat ba, wasu kuma suna ƙara kwanaki. Likitanki ne zai yanke. Fashewar baki ga mai shan wannan magani alama ce da ake son a duba jini da wuri, don a tabbatar ƙwayoyin jini ba su yi ƙasa ba. Ki je cikin satin nan, kafin ki sha na gaba. In zazzaɓi ya zo, ko ciwon maƙogwaro, ko tari da sarƙewar numfashi, ko jini daga dasashi, ranar za ki tafi.

Anti Nas:
Ƙanwata, bari in ƙara a kan na Malam, domin abin da zan faɗa ya fi gashi tayar min da hankali. Kada ki bari a ba ki Septrin a kemis. Mun saba da shi, ɗan tari ko gudawa sai a miƙo shi, amma haɗuwarsa da metotireksat tana iya durƙusar da ɓargo ya daina yin jini. Duk inda za a ba ki magani, ki fara faɗin abin da kike sha. Haka masu kashe zafi irin su dikulofenak da ibufurofen, sai da sanin likitanki. Kuma sau ɗaya a sati yana nufin sau ɗaya a sati, ki tsayar da rana guda ki rubuta ta a jikin kwalin.

Na biyu, kin ce shekararki 34. In akwai niyyar ƙarin haihuwa ki faɗa wa likita tun yanzu, domin metotireksat yana illata jariri a ciki, sai an tsayar da shi watanni kafin a ɗauki ciki. Akwai waɗanda ake iya ci gaba da su da juna biyu, Plaquenil na cikinsu.

Na uku, idonki. Masu shan Plaquenil ana duba musu can cikin ido a farkon farawa, sannan duk shekara bayan an kai shekara 5 ana sha. Adadinsa kuma da nauyin jiki ake auna shi, ba a son ya wuce miligiram 5 ga kowane kilo a rana. In kin rame tun da aka fara, ki tuna wa likita ya sake lissafi.

Hajiya ta Maraɗi:
Ikon Allah. Mu nan Nijar kulorokwin da sunan Nivaquine muka san shi, ƙaiƙayinsa kawai muka sani, ashe har gashi danginsa ke taɓawa. 'Yata, ki lallaɓa surukarki da magana mai daɗi, ƙauna ce ta sa ta faɗa. In da hali maigidanki ya raka ki wurin likita ya ji da kunnensa, shi zai fi iya yi mata bayani.

Makitsiya:
Ni ba likita ba ce, amma kai nake taɓawa kullum. Gashin da ya yi rauni ba ya son abu uku: rilaksa, zafin na'urar busarwa, da ƙananan kitso mai jan goshi. Ki ajiye su duka yanzu. Ki yi manyan kalaba sakwa-sakwa, kada a sa miki ƙarin gashi don nauyinsa yana tumɓuke na gaba. Wajen tsifa ki shafa mai tukuna, ki warware da yatsu, sannan mataji mai manyan haƙora, daga ƙarshe zuwa tushe. Ɗankwalin kwana ya zama mai santsi.

Kuma kada dunƙulen ranar tsifa ya firgita ki da yawa. Kowa yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, in kai na kitse ba su da hanyar faɗuwa, sai su taru su fito rana ɗaya. Abin dubawa shi ne ko tsagar kanki tana ƙara faɗi.

Batun rini, lalle na ganye zalla bai cika cutarwa ba, amma ja zai ƙara miki, kuma yana ɗan busar da gashi. Baƙin dayis kuwa na ga ya kumbura wa mata fuska da fatar kai. Ni da za ki ji tawa, kada ki rina komai sai likita ya ga launin da idonsa. In kin rufe shi me zai duba?

Wata mai irin ciwon:
'Yar'uwa, na bi ta nan. Ni Arava aka ba ni, wato leflunomaid, shi ya ma fi metotireksat zubar da gashi, wajen mutum 1 cikin 10. Gashina ya zube sosai ta tsakiya, na yi kuka ba kaɗan ba, har na daina cire ɗankwali a gaban 'yan'uwana. Na ji nauyin faɗa wa likita don kada ya ga kamar ina fifita kwalliya a kan lafiya. Da na faɗa bai raina maganar ba, ya canza min magani. Bai tsaya nan take ba, sai da aka ɗauki watanni, domin Arava yana daɗewa a jiki. Yanzu ya cika, sai dai ya fi na da laushi, kuma na saba da shi.

Ki ɗauki hoton tsagar kanki a wuri ɗaya, da haske ɗaya, duk wata. Ido yana ruɗin mutum in hankali ya tashi, hoto ne ya nuna min cewa sabon gashi ya fara fitowa tun ina ganin kamar babu canji.

Malamin Famasi:
Abu biyu na ƙarshe. Za a yi ta tallata miki ƙwayoyin gyaran gashi masu bayotin, wani nau'in bitamin. Bayotin mai yawa yana rikita sakamakon wasu gwaje-gwaje, har da na tayirod ɗin da muke so a yi miki, don haka kada ki fara kafin a ɗebi jinin. Magungunan gargajiya na sha ma ki dakata, domin hanta ce ke ɗaukar nauyinsu tare da metotireksat.

Sannan ki sa a duba fatar kanki. In akwai wurin da gashi ya cire fat kamar kwabo, ko tabo mai ɓawo, ko ƙuraje a fuska in kin shiga rana, wannan wani zance ne daban, ana bincikar cutar lufus, wadda ita ma garkuwar jiki ce ke juyowa ta yaƙi mutum. In inda kike zuwa babu ƙwararren likitan gaɓoɓi, ki nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Maiduguri.

Mai neman shawara:
Wallahi na ji sanyi a raina. Na yi magana da maigida, ya ce zai raka ni jibi. Na rubuta abin da zan tambaya: folik asid, gwajin jini da hanta da tayirod, awon ido, da lissafin Plaquenil, don na rame kaɗan. Anti Nas, batun haihuwa ma zan faɗa, muna da niyya. Makitsiya, gobe zan tsefe wannan ƙananan kitson. In na dawo zan sanar da ku abin da aka ce, insha Allah.

Anti Nas:
Allah Ya sa a dace. Ki tafi da kwalayen magungunan duka a leda, har da wanda kika saya da kanki, likita ya gan su.