Shawarwarin da Aka Bai wa Matasan Garwa Kan Shirin Neman Aiki

A zaman da matasa masu neman aiki suka yi da malamai da tsofaffin ma'aikata a Garwa, birnin da ke arewacin Kamaru, batun harshe aka fi daɗewa a kansa. Mahalarta sun yarda cewa Hausa da Fulatanci suna isar mutum a kasuwa, amma jarrabawar shiga aikin gwamnati da Faransanci ko Turanci ake rubuta ta, saboda haka wanda bai iya tsara takardar neman aiki da kansa ba, ya kamata ya gyara wannan tun kafin a buɗe rajista. An ba da shawarar a nemo tambayoyin shekarun baya, mutum uku ko huɗu su riƙa haɗuwa bayan sallar isha'i suna amsa su da agogo a gabansu.

Game da zama a ƙarƙashin ubangida, wani dattijo da ya yi aiki a kamfanin auduga na SODECOTON ya ce yaron da yake riga maigidansa isa gareji, ya share wuri, ya jera kayan aiki, shi ake fara tunawa idan gurbi ya samu. A ganina wannan shawara ta fi sauran nauyi, domin masu ɗaukar aiki sukan tambayi wanda ya koyar da mutum kafin su duba takardunsa.

An kuma tunatar da cewa karatu ya matso kusa, tunda bayan Jami'ar Ngaundare an buɗe ta Marwa a 2008, sannan ta Garwa a 2022. Waɗanda suka kammala an ce su koyi kwamfuta, su kuma yi rajista a hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, FNE.