Samfurin turjiyar jijiyoyin jini: matsin yana lilo duk daƙiƙa 10

Ɗalibar Fisiyoloji: Assalamu alaikum malamai. Ina haɗa samfurin lissafi a manhajar MATLAB na yadda jijiyoyin saƙo na simfatetik (masu sa jijiyoyin jini su tsuke) ke sarrafa turjiyar jijiyoyin jini. Na ɗauki Windkessel mai sassa biyu (samfurin da ke wakiltar jijiyoyin jini da turjiyarsu da talewarsu), matsakaicin matsi 93 mmHg, zuciya na fitar da lita 5 a minti, turjiya kusan 1.1 mmHg·s/mL. Da zarar na rufe zagayen, wato matsin jini ya riƙa sarrafa saƙon simfatetik, sai matsin ya kama hawa da sauka duk daƙiƙa 10, lilon kuma ƙara girma yake yi. Kuskuren lissafi ne?

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ba lallai kuskure ba ne. Saƙon simfatetik yana ɓata kusan daƙiƙa 2 kafin tsokar jijiya ta fara motsi, sannan matsewar ta ci gaba a hankali. Mai bincike Ursino a samfurinsa na 1998 ya sa daƙiƙa 6 a wannan. Ki haɗa su da jinkirin Windkessel ɗin kansa, wajen daƙiƙa ɗaya da rabi, sai gyaran ya riƙa isowa bayan matsin ya riga ya juya. A jikin mutum ma akwai wannan lilo, igiyoyin Mayer, kusan 0.1 Hz, wato sau ɗaya duk daƙiƙa 10. Abin da ba daidai ba shi ne girman da yake yi. Ki rage ƙarfin martanin zuwa rabi, kuma ki lanƙwasa alaƙar matsi da saƙo kamar harafin S, domin masu jin matsi na karotid (jijiyar jinin wuya) suna da iyaka ta ƙasa da ta sama. Jinkirin kuma, a cikin masu warware lissafi na MATLAB, dde23 za ki ba shi, ode45 bai san shi ba.

Likitan Zuciya: Malam ya yi daidai, amma ki duba me kike sauyawa. In faɗin jijiya ne, dokar Poiseuille za ta ninka miki komai: jijiya ta tsuke da kashi 10 cikin ɗari, turjiya ta haura da fiye da kashi 50. Sau da yawa nan ne ƙarfin martanin ke ɓuya.

Kada kuma ki haɗa bagus (jijiyar saƙo mai rage bugun zuciya) da turjiya. Yawancin ƙananan jijiyoyin jini simfatetik kaɗai ke riƙe su, noradrenalin a kan alfa-1, sakinsu kuwa raguwar wannan saƙon ne. Aikin bagus a bugun zuciya yake, cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, kuma rashinsa a samfuri yana ƙara lilo.

Ɗalibar Fisiyoloji: Na gode Likita. Turjiya guda ɗaya ta wadatar?

Likitan Zuciya: A'a. Raba ta aƙalla uku, gefe da gefe, ba ɗaya bayan ɗaya ba: kayan ciki da ƙoda, tsoka da fata, sai ƙwaƙwalwa da zuciya. Na ƙarshen ki cire shi daga umarnin simfatetik, domin suna daidaita kansu. Daga nan ki gwada Valsalva (yunƙurin fitar da numfashi alhali hanyar iska na toshe), 40 mmHg na daƙiƙa 15. In matsi bai farfaɗo a ƙarshen mataki na biyu na gwajin (lokacin da ake ci gaba da yunƙurin) ba, sashen turjiyarki bai yi aiki ba.