Shin ya dace majalisar ƙaramar hukuma ta ɗauki matsayi a kan ƙuri'ar raba gardama?

Ɗan Azare:
Assalamu alaikum. Duk lokacin da Majalisar Dokokin Tarayya ta buɗe batun gyaran kundin tsarin mulki, maganar neman jihar Katagum takan sake tasowa a nan yankinmu, kuma ina jin mutane suna cewa ya kamata kansilolinmu su zauna su zartar da ƙudiri a hukumance cewa suna goyon bayan wannan buƙata. Tambayata ga masana ita ce, idan har aka kai ga jefa ƙuri'ar raba gardama, shin majalisar ƙaramar hukuma tana da hurumin fitowa da sunan hukuma ta ce wa jama'a su zaɓi "e" ko "a'a"? Abin da ke damuna shi ne, majalisar nan ta kowa ce, har da mutumin da yake ganin zamansa a jihar Bauchi ya fi masa alheri.

Lauya daga Bauchi:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ya kamata a raba matakin neman jiha da matakin jefa ƙuri'a, domin kundin tsarin mulkin 1999 da kansa ya raba su. Sashe na 8 ya ce kafin Majalisar Tarayya ta karɓi buƙatar ƙirƙiro sabuwar jiha, sai buƙatar ta samu goyon bayan aƙalla kashi biyu cikin uku na wakilan yankin a Majalisar Dattawa da ta Wakilai, da majalisar dokokin jiha, da kuma majalisun ƙananan hukumomin yankin. Ke nan a wannan mataki na farko, kansilolin Katagum da Shira da Giade da Gamawa da Zaki da sauransu ba shisshigi suke yi ba idan sun bayyana matsayinsu. Doka ce ta nemi su bayyana shi. Bayan haka ne ake zuwa ga jama'a, inda ake buƙatar kashi biyu cikin uku na mutanen yankin su amince. A nan ne nake ganin ya kamata majalisa ta ja da baya, domin an riga an ji muryarta, kuma mataki na biyu an ware shi ne musamman don a ji ta bakin talakawa ba tare da wakili a tsakani ba.

Wani abin lura shi ne, a wajen ƙirƙiro sabuwar ƙaramar hukuma, sashen ya ba kansiloli aiki sau biyu: su goyi bayan buƙatar tun farko, sannan bayan ƙuri'ar jama'a sai akasarin majalisun ƙananan hukumomin jihar su amince da sakamakon. Wanda zai zauna ya tantance sakamako gobe, bai kamata a gan shi yana yawon kamfe yau ba.

Malama daga Gombe:
Barista, Allah ya ƙara basira, amma ban yarda cewa majalisa ta yi gum bayan matakin farko ba. Mu a nan an yanke mana jiha daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba, 1996 da sanarwar gwamnatin soja, ba tare da an jefa ƙuri'ar raba gardama ba, kuma tun ƙirƙiro yankin Tsakiyar Yamma a 1963 ba a sake samar da wata jiha ko yanki ta hanyar ƙuri'ar jama'a ba. Saboda haka mutanenmu ba su saba da wannan hanya ba, kuma idan kansilan da ya san gunduma gida-gida bai yi musu bayani ba, masu yaɗa jita-jita ne za su yi.

A Amurka, inda ake yawan saka irin waɗannan tambayoyi a takardar zaɓe, sun daɗe suna fama da wannan batu. A 1976 Kotun Ƙolin jihar Kalifoniya ta yanke hukunci cewa jami'in gwamnati ba zai kashe kuɗin jama'a wajen yi wa ɓangare ɗaya kamfe ba idan doka ba ta ba shi izini ƙarara ba, amma an bar wa hukumomi damar bayar da bayani na gaskiya a kan abin da ƙuri'ar za ta haifar. A jihar Washinton kuwa, doka ta yarda majalisar birni ta kaɗa ƙuri'a ta goyon baya ko adawa, da sharaɗin a yi hakan a buɗaɗɗen zama da aka sanar tun da wuri, kuma a ba masu saɓanin ra'ayi dama daidai su yi magana. Wannan iyaka ita nake ganin ta dace da mu: a faɗi matsayi a fili, amma kada a taɓa asusun ƙaramar hukuma wajen buga fosta ko ɗaukar hayar motoci.

Tsohon Kansila:
Malama, maganarki tana kan hanya, sai dai akwai abin da ya kamata a fara tambaya kafin duk wannan, wato wace majalisa ake nufi. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkinmu ya tanadi zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, kuma a ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta jaddada cewa gwamnoni ba su da ikon maye gurbinsu da kwamitocin riƙo. Ƙudirin da kantoma ya sa wa hannu ra'ayin wanda ya naɗa shi ne, ba na gunduma ba. Ko a zaɓaɓɓiyar majalisa ma, na san yadda takarda takan iso an riga an rubuta ta, a ce kowa ya sa hannu kafin la'asar. Idan za a ɗauki matsayi a kan Katagum, ina roƙon a rubuta sunan kowane kansila da abin da ya zaɓa a cikin bayanin zaman, a kafe shi a sakatariya inda mutanen gundumarsa za su karanta.