"Gani ya kori ji": ta dace da littafin binciken kisa da aka mayar shirin talabijin?

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum. Akwai karin maganar da ake yawan jefowa duk lokacin da masu karatu suka koka cewa an ɓata musu littafin binciken kisa da aka mayar shirin talabijin. Da zarar mutum ya ce littafin ya fi, sai a ce masa "gani ya kori ji", wato tunda ga labarin a allo da fuskoki da murya, to ya ajiye abin da ya karanta. Ni ban gamsu da wannan amfani ba, amma ina son jin ta bakin waɗanda suka fi ni sanin harshe.

Malamin Adabi:
Wa alaikumus salam. Kana da gaskiya da ba ka gamsu ba. Ana faɗin wannan magana ne idan labari ya zo ta bakin wani ana ta kokwanto, sai mutum ya je ya gane wa idonsa, shakka ta kau. Sharaɗinta shi ne abin da aka ji da abin da aka gani su kasance abu guda. A nan kuwa littafin shi ne tushe, shirin kuma fahimtar wani marubucin fim ce da wani darakta. In ma za a bi ƙa'ida, mai kallo ne yake karɓar labari daga bakin wani, makaranci kuwa shi ne ya je ya gani da kansa.

Hajiya Mai Karatu:
Malam, bayaninka ya yi, sai dai ni a ganina karin maganar da ta kamo zuciyar irin waɗannan littattafai ita ce "ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa". Marubucin kirki yana ta nuna maka maƙera, alhali tun farkon littafin ya ajiye garwashinsa a masaƙa, a cikin wata jimla da ka wuce ba ka kula ba: agogon da aka ce ya tsaya, ko 'yan mintocin da wani ya kasa faɗin inda yake. Daɗin yana zuwa ne sa'ad da ka koma baya ka tarar ba a cuce ka ba, an nuna maka komai, kai ne ka kau da kai. A 2018 BBC ta nuna Ordeal by Innocence, littafin 1958 na Agatha Christie, marubuciyar labaran binciken kisa 'yar Ingila, a shiri mai kashi uku, kuma aka sauya wanda ya yi kisan ɗungurungum. Wanda ya san littafin ya zauna yana jiran hujjojin da ya sani su haɗu, sai ya ga an ɗauke wutar an kai ta wani gida. Wannan shi ne ɓacin ran, ba wai fuskar ɗan wasa ba ta yi kama da wadda aka ƙiyasta a zuci ba.

Wani Ɗalibi:
Hajiya, ki yi mini afuwa, zan ɗan saɓa miki. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ita kanta Christie, da ta mayar da littafinta na 1939, And Then There Were None, wasan dandamali a 1943, ta sauya ƙarshensa, ta bar mutum biyu da rai, alhali a littafin duka mutum goman da labarin ya tara sun mutu. Idan mai abu ta ga dandamali yana bukatar wani ƙarshe daban, me zai hana masu talabijin? Ban da haka, su ma suna da masu kallo da suka riga suka san amsar, kuma suna son su ba su mamaki.

Malamin Adabi:
Ɗana, hujjarka ta 1943 mai ƙarfi ce, kuma ba zan musanta ta ba. Amma ka lura da abin da karin maganar take cewa: rawa tana bin kiɗa ne, ba ta sauyawa don marayi ya gaji da tsohon taku. Akwai sauyin da kyamara take tilastawa, akwai wanda son rai ne kawai. Misalin na farko shi ne littafin Christie na 1926, The Murder of Roger Ackroyd, wanda duk dabararsa tana cikin muryar mai ba da labari, mutumin da bai yi ƙarya ba amma ya tsallake abin da ya ga damar tsallakewa. Alƙalami yana iya tsallake mintoci a tsakanin jimla biyu ba a ankara ba, kyamara kuwa in ta yanke a daidai wurin, mai kallo zai tambayi dalili. Shi ya sa da tashar ITV ta yi shi a 2000, ɗan wasa David Suchet yana fitowa a matsayin Poirot, mai binciken da Christie ta ƙirƙiro, sai aka sa Poirot yana karanta kundin da mai laifin ya rubuta. Dabarar ta rage armashi, amma dole ce ta kawo ta. Sauya mai kisa a labarin da kyamara za ta iya ɗauka yadda yake kuwa, babu kiɗan da ya nemi hakan. Kuma BBC ɗin nan, da ta mayar da And Then There Were None shirin talabijin a 2015, ta bar shi da ƙarshensa mai ɗaci, mutane suka kalla suka yaba.

Dattijo:
Malam, sannu da ƙoƙari, amma ka kusa tona wa waɗanda ba su karanta littafin 1926 ba asiri, a riƙa sassautawa. Abin da zan ƙara shi ne, wani lokaci gani yana korar ji ta hanyar da ba a so. A takarda duk waɗanda ake zargi sunaye ne, babu wanda ya fi wani. A allo kuwa, idan aka ɗauko fitaccen ɗan wasa aka ba shi matsayin mai aikin gida da ba ya cewa uffan a kashi na farko, kowa ya san ba don ya riƙa buɗe ƙofa aka biya shi ba. Sai kuma jan labari: ɗan ƙaramin littafi a miƙe shi ya cika kashi-kashi, a cusa soyayya da tarihin ƙuruciyar mai bincike, har a manta da gawar da aka taru dominta.

Hajiya Mai Karatu:
Baba, wannan ta ƙarshe ita ta faru da The ABC Murders, wani littafin Christie da aka mayar shirin talabijin a 2018, inda aka ƙirƙiro wa Poirot tarihin cewa limamin coci ne a Beljiyam, alhali a littattafan tsohon ɗan sanda ne. Ɗalibi, ina jiran ka gaya mini wane kiɗa ne ya nemi wannan rawar.