Manyan kalmomin Turanci sun ƙi zama a kaina

Ummi: Salamu alaikum. Ina shirin JAMB, kullum ina haddace kalmomi 20 daga ƙamus, kafin gari ya waye sun gudu. Jiya "benevolent" da "malevolent" suka rikita ni. Ya zan yi?

Malam Tsoho: Ƙanwata, rage hadda, ki riƙa bin tushen kalma. A Latin "bene" na nuna alheri, "male" kuwa sharri. Ko "malaria" asalinta "mummunar iska" ce da Italiyanci, don a da an ɗauka iskar fadama ke kawo zazzaɓin.

Ɗan Zariya: 20 sun yi yawa! Ni 5 nake ɗauka, kowacce in ɗora ta kan wani da na sani. "Parsimonious" maƙwabcinmu ne, marowacin da ko ruwan randa ba ya bayarwa.

Ummi: Na gode, Malam. Ɗan Zariya, Allah ya shirye ka!